Kotisol kafin maganin tayirod: nazarin lamarin wata mai ciwon Sheehan

Wannan lamari na koyarwa ne, an harhaɗa shi daga yadda ciwon ya saba zuwa asibiti, don haka babu suna babu gari. Mace ce 'yar shekara 34, haihuwarta biyar, nauyinta kilo 52. Haihuwar ƙarshe shekara shida ke nan, a gida aka yi ta. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle, kafin a samo mota a kai ta asibiti ta suma. An yi mata ƙarin jini leda huɗu, ta farfaɗo, aka sallame ta, kowa ya yi hamdala.

Tun a ɗakin jego nono ya ƙi zuwa. Aka yi ta dama mata kunu ana jiƙa mata saiwoyi, shiru, ƙarshe da madarar gwangwani aka raini yaron. Al'ada ba ta sake dawowa ba. Gashin hammata da na mara ya zube bai sake tsirowa ba. Ga kasala da jin sanyi ko a watan Afrilu, ga bushewar fata da ciki, murya ta dushe, idan ta miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ta. Shekara shida ana ba ta maganin ƙarin jini, ana yi mata maganin taifod da maleriya, a gida kuma wasu na cewa sanyi ne ya kama ta, wasu na cewa iska.

Daga baya wani likita ya lura da kumburin fuskarta da yadda take magana a hankali, ya tura ta gwajin tayirod, ƙullutun nan da ke wuya. FT4, wato sinadarin tayirod da ke yawo a jini, ya fito ƙasa sosai, TSH kuma, sinadarin da ke zaburar da tayirod, ya fito 1.9, wato cikin iyakar da ake kira lafiya. Aka ce tayirod ɗinta ya yi rauni, aka rubuta mata lebotairoksin, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayirod, wanda ake rubutawa levothyroxine a jikin kwali, maikurogiram 100 kullum. Rana ta tara da fara sha ta soma amai da ciwon ciki. Rana ta goma sha ɗaya aka kawo ta ranga-ranga, ba ta gane wanda ke kanta. Awon jini 78/46, sukari 2.6 mmol/L, sodiyam 119, fotasiyam 4.1, gwajin maleriya bai nuna komai ba.

Abin da ya faru a jikinta

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, ana ce masa fitutari. Shi ke aika TSH zuwa tayirod da ke wuya, ya aika ACTH zuwa adirenal, 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su fitar da kotisol, sinadarin da ke riƙe awon jini da sukari, musamman lokacin rashin lafiya. Shi ne kuma mai sinadarin kawo nono da masu tafiyar da al'ada. Lokacin goyon ciki fitutari yana ƙara girma, buƙatarsa ta jini tana ƙaruwa. Idan mai haihuwa ta zubar da jini har awonta ya faɗi warwas, sashen gaba na fitutari yana iya mutuwa. Wani likitan Birtaniya, Harold Sheehan, shi ya bayyana wannan a 1937, ciwon ya ɗauki sunansa. A ƙasashen da ake tsayar da jinin haihuwa da wuri ya yi ƙaranci. Inda ake haihuwa a gida kuma asibiti da nisa, kamar karkarar Arewa da kudancin Nijar, har gobe ana ganinsa, yawanci bayan shekaru.

To me ya sa ta yi shekara shida tana lallaɓawa, maganin kwana goma ya kwantar da ita? Raunin tayirod ɗin ne yake rufa wa ƙarancin kotisol asiri. Idan sinadarin tayirod ya yi ƙasa, komai na jiki yana tafiyar hawainiya: hanta tana jinkirin rushe kotisol, jiki kuma ba ya neman mai yawa. Ɗan abin da adirenal ke tatsowa sai ya riƙa kaiwa da ƙyar. Da aka ba ta lebotairoksin cikakken awo, hanta ta hanzarta share kotisol daga jini, bugun zuciya da ƙonewar abinci suka tashi, buƙata ta ƙaru, fitutari kuwa ba shi da ACTH da zai aika a ƙaro. Babu kotisol, jijiyoyin jini ba sa matsewa yadda ya kamata, awo ya faɗi. Hanta ba ta iya sarrafa sukari, sukari ya faɗi. Ƙoda ta riƙe ruwa, ruwan ya tsarma gishirin jini, sodiyam ya faɗi.

Takardar gwajin farko ta riga ta tona maganar, ba a karanta ta daidai ba ne. Da ciwon a tayirod ɗin kansa yake, da TSH ya yi sama ƙwarai, domin fitutari mai lafiya ihu yake yi idan tayirod ya gaza. FT4 a ƙasa, TSH yana zaune abinsa kamar ba abin da ya faru, wannan na nufin mai ihun ne ba shi da murya. Duk inda aka ga haka, ba a taɓa lebotairoksin sai an auna kotisol. Ga kuma tambayoyi uku da ba sa cin ko sisi: “Malama, kin zubar da jini sosai a haihuwarki ta ƙarshe? Nono ya zo? Al'ada ta dawo?” Da an yi mata su, da an gane ciwon tun ba a je ɗakin gwaji ba.

Daren da aka kawo ta

Aka sa mata allurar ruwa babba, aka ɗebi jini na kotisol da ACTH aka ajiye, nan take aka tura haidirokotizon, wato hydrocortisone, wanda shi ne kotisol na magani, miligiram 100 ta jijiya. Ba a jiran sakamako. Allura guda ta miligiram 100 ba ta cutar da wanda bai buƙace ta ba, jinkirinta kuwa yana kashe wanda ya buƙata. Idan jijiya ta ƙi samuwa, a tsoka ake yi. Aka bi da ruwan sukari mai kashi 10 cikin 100, mililita 200, sannan ruwan gishiri mai kashi 0.9 lita ɗaya cikin awa ta farko, aka ci gaba a hankali ana duba awo da fitsari. Haidirokotizon ya ci gaba miligiram 50 duk awa shida, jimilla 200 a awa 24. Aka dakatar da lebotairoksin. Wannan ba ya cutarwa, domin sai ya yi wajen kwana bakwai kafin rabinsa ya bar jini.

Wurin da ake yawan yin tuntuɓe shi ne sodiyam. Mai sodiyam 119 da ya daɗe a haka, ƙwaƙwalwarsa ta saba. Da zarar kotisol ya shiga, ƙoda tana sakin ruwan da ta riƙe, fitsari ya yi ta zuba fari tas, sodiyam ya yi tsalle da kansa. Idan ya haura fiye da 10 a awa 24 na farko, yana iya lalata rigar jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa, bayan kwana biyu zuwa shida a ga mara lafiya ta kasa magana ko haɗiya ko motsa gaɓoɓi, alhali an ɗauka ta warke. Shi ya sa ake auna sodiyam duk awa huɗu zuwa shida, idan yana gudu a rage ruwan gishiri a koma ruwan sukari mai kashi 5. Nata ya kai 126 a awa 24, ya kai 133 a rana ta uku. Ruwan gishiri mai kauri ba a taɓa shi sai in mara lafiya tana jijjiga.

Kafin asuba ta farka ta nemi ruwa. Kotisol ɗin da aka ɗiba kafin allura ya fito 41 nmol/L, ACTH ma ƙasa. Mutum a cikin wannan hali, kotisol ɗinsa kamata ya yi ya haura 500, don haka ba a buƙatar wani gwaji na tabbatarwa. Hoton MRI ya nuna gurbin fitutari kusan wayam. A rana ta biyu aka mayar da ita ƙwaya, miligiram 20 da safe, 10 da rana, 10 da yamma, aka riƙa saukowa cikin kwana uku.

Da a ce an auna tun farko

Jinin kotisol da safe ake ɗibarsa, tsakanin ƙarfe 8 da 9, lokacin da yake kan ganiyarsa. Ƙasa da 83 nmol/L ya tabbatar da ƙaranci, sama da 415 galibi ya kore shi. Wasu ɗakunan gwaji suna bayar da sakamako da µg/dL, a nan lambobin su ne 3 da 15. A ninka da 27.6 a samu nmol/L. An sha ruɗewa a nan, a ga 12 a firgita ko a ga 60 a kwantar da hankali, saboda ba a duba ma'aunin ba. Abin da ya faɗo tsakani sai gwajin Synacthen, wato ACTH na haɗi da ake zaburar da adirenal da shi: allurar maikurogiram 250, a ɗebi jini bayan minti 30 ko 60. A tsofaffin injuna ana neman ya haura 500, sababbi kuma iyakarsu ta ɗan fi haka ƙasa, sai a tambayi ɗakin gwajin tasu.

Abubuwa uku ke ɓata sakamako. Ƙwayar hana ɗaukar ciki mai istirojin tana ɗaga lambar kotisol ba tare da kotisol mai aiki ya ƙaru ba, sai an bar ta mako shida. Haidirokotizon da ɗan'uwansa firednisolon suna bayyana a gwajin tamkar kotisol na jiki. Sannan a makonni huɗu zuwa shida na farko bayan lalacewar fitutari, adirenal bai riga ya shanye ba, yana iya amsa Synacthen lafiya lau ya yaudari likita.

Inda gwajin ba ya samuwa ko kuɗinsa ya gagara, kuma tarihi ya nuna Sheehan ƙarara, mafi aminci shi ne a fara haidirokotizon, a bi da lebotairoksin bayan kwanaki, a yi gwajin idan hali ya samu. Akasin haka ne ba a yarda da shi ba.

Tsarin da aka sallame ta da shi

Haidirokotizon miligiram 20 a rana, kashi uku: 10 da zarar ta tashi da asuba, 5 da azahar, 5 da la'asar. Ana kwaikwayon jiki ne, wanda kotisol ɗinsa ke yawa da safe ya yi ƙasa da dare. Shan na ƙarshe bayan isha yana hana barci. Ga irin wannan ciwo miligiram 15 zuwa 20 a rana ya wadatar da yawancin manya. Idan haidirokotizon ya yi wuyar samu a kemis, wanda yakan faru, ana komawa firednisolon miligiram 3 zuwa 5 sau ɗaya da safe. Miligiram 5 nasa daidai yake da 20 na haidirokotizon. Deksametazon kuwa, duk da arharsa da yawansa, bai dace da shan kullum ba: miligiram 0.75 kacal ya kai wancan awo, ga daɗewa a jiki, kuskure kaɗan sai ƙiba da ciwon sukari.

Ba a ba ta fuludirokotizon ba, maganin da ke maye gurbin sinadarin riƙe gishiri, kuma daidai ne. Sinadarin adirenal mai riƙe gishiri ƙoda ce ke juya akalarsa, ba fitutari ba, shi ya sa fotasiyam ɗinta bai tashi ba.

A rana ta biyar, bayan awon jininta ya tsaya, aka mayar da lebotairoksin maikurogiram 50. Cikakken awo wajen maikurogiram 1.6 ne ga kowane kilo, wato kusan 83 ga mai kilo 52. Bayan mako shida aka ɗaga zuwa 75. Ga tsoho ko mai ciwon zuciya da 25 ake farawa. Ana shansa da ruwa zalla, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi, a kuma nisanta shi awa huɗu daga ƙwayar ƙarin jini da kalsiyam da maganin gyambon ciki, domin suna ɗaure shi a hanji. Wannan ya shafe ta kai tsaye, tunda shekara da shekaru take shan maganin ƙarin jini.

Bibiyar tayirod ɗinta da FT4 ake yi, a ɗebi jinin kafin ta sha ƙwayar ranar, mako shida zuwa takwas bayan kowane canji, ana so ya zauna daga tsakiya zuwa saman iyakar lafiya. TSH ba shi da amfani a wurinta har abada. Zai yi ƙasa da zarar ta fara magani, kuma duk likitan da bai san tarihinta ba zai ga haka ya ce maganin ya yi yawa ya rage mata. Shi ya sa aka rubuta ɓaro-ɓaro a katinta cewa TSH ba shi da amfani a wurinta.

Haidirokotizon kuwa babu gwajin jini da ke nuna ko awonsa ya yi daidai. Jikinta ake tambaya. Jiri, tashin zuciya, rama, da faɗuwar lambar sama ta awon jini da maki 20 idan ta miƙe daga kwance suna nuna ya yi kaɗan. Fuska ta yi zagaye, tumbi ya fito, hawan jini, sukari ya tashi, fata ta yi ta ɓurma da ɗan bugu, ya yi yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara awon duk lokacin da mara lafiya ta ce ta gaji, alhali gajiyar tana iya zama daga tayirod ko ƙarancin jini. Aka kuma gargaɗe ta cewa in ta ga ƙishirwa da fitsari sun yi yawa fiye da kima ta dawo, domin kotisol yakan tona wani rauni na bayan fitutari da ke ɓoye. Daga baya aka fara mata istirojin da furojestaron, sinadaran mata masu tafiyar da al'ada, don kare ƙashi har zuwa wajen shekara 50, aka sake auna FT4, tunda istirojin na sha yana ƙara buƙatar lebotairoksin.

Ranar rashin lafiya

Jikin mai lafiya yana ninka kotisol da kansa idan zazzaɓi ya kama shi. Nata ba zai iya ba, da hannu za ta ninka. Zazzaɓin da ya haura 38, ta ninka kowane awo sau biyu. Ya haura 39, sau uku. Ta ci gaba har kwana biyu ko uku ko sai zazzaɓin ya sauka, sannan ta koma awon kullum. Ninkawar ba ta maye gurbin zuwa a duba dalilin zazzaɓin. Idan ta yi amai cikin minti 30 da shan ƙwaya ta sake sha. Ta sake amai, ko gudawa ta yi tsanani, babu sauran amfanin ƙwaya: allurar miligiram 100 a cinya, sannan asibiti. An koya wa mijinta da ƙanwarta haɗa allurar da yinta, aka ba su kwalba biyu da sirinji. A inda maleriya ke zuwa kowace damina, wannan darasi ya fi komai muhimmanci a ranar sallama. Tiyata kuma, miligiram 100 lokacin sa barci, a bi da 200 a awa 24. Lebotairoksin ba a ninka shi don rashin lafiya.

In aka taɓa sa ta kan maganin tarin fuka, rifamfisin yana sa hanta ta riƙa cinye haidirokotizon da sauri, galibi sai an ninka awon, a kuma sa ido kan FT4. Haka fenitoyin da kabamazefin na farfaɗiya.

Masu kama da ita

Ba mai Sheehan kaɗai lebotairoksin ke iya kwantarwa ba. Akwai mai ciwon Addison, wanda Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, inda adirenal ɗin kansa ya lalace, ko ta tarin fuka, wanda har yanzu babban sanadi ne a Afirka, ko ta garkuwar jiki. Shi fatarsa duhu take ƙarawa, a duba dasashi da layukan tafin hannu da tsofaffin tabo, yana kwaɗayin gishiri, fotasiyam yana tashi, ACTH yana sama, kuma yana buƙatar fuludirokotizon maikurogiram 50 zuwa 200. TSH ɗinsa yakan ɗan tashi saboda ƙarancin kotisol kawai, ya sauko da kansa bayan an fara haidirokotizon, don haka a jira a maimaita gwaji kafin a ɗora masa maganin tayirod na har abada. Wani lokaci kuma garkuwar jiki tana cin tayirod da adirenal tare, haɗin da ake kira ciwon Schmidt. Mai ciwon Hashimoto, wato wanda garkuwar jiki ta ci masa tayirod, da ya fara lebotairoksin ya ƙara lalacewa, yana rama yana jiri, a auna masa kotisol.

Rukuni mafi yawa a kasuwanninmu su ne masu shan deksametazon ko firednisolon don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, da masu shafa man bilicin mai kulobetasol ko betametazon shekara da shekaru. Adirenal ɗinsu ya yi barci. Su daina farat ɗaya, a kuma ba su lebotairoksin a wannan tsakani, abin da ya sami wannan baiwar Allah zai iya samunsu. Ba sa faɗa sai an tambaya, kuma da yawa ba su ɗauki man shafawa a matsayin magani ba.

Sai kuma abin da ake tallatawa a intanet da sunan gajiyar adirenal, kalmar da ta bazu daga Amurka tun ƙarshen shekarun 1990, tare da gwajin yawu sau huɗu a rana da ƙwayoyin garin adirenal na dabbobi. Ƙungiyoyin likitocin homon ba su amince da wannan a matsayin ciwo ba. Wanda kotisol ɗinsa na safe ya fito lafiya ya kama shan haidirokotizon don ya ji ƙarfi, da hannunsa yake kashe adirenal ɗinsa. Wanda kuma yake da ƙaranci na gaske ya dogara da garin, yana zaune babu kariya.

Bayan wata shida

Nauyinta ya kai kilo 55, awon jini 112/70 a kwance da tsaye, sodiyam 138, FT4 a saman tsakiya. Maleriya ta kama ta sau ɗaya, ta ninka ƙwaya kwana uku, ba a kwantar da ita ba. Aka rage na la'asar zuwa miligiram 2.5 saboda ta ce barci na yi mata wuya.

Da azumi ya matso ta tambaya. Mai ƙarancin kotisol yana cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su, ballantana idan ya faɗo a bazara, domin haidirokotizon ɗin sahur ba ya kaiwa la'asar da ƙarfinsa, ga ƙishirwa ga faɗuwar sukari. Tunda ba ta cika shekara da wancan dare ba, likitanta ya ba ta shawarar ta sha azumin bana, hukuncin ramuwa ko ciyarwa kuma ta tambayi malamai. Ga wanda ya daɗe a daidai kuma likitansa ya amince, tsarin da ake bi shi ne firednisolon miligiram 5 da sahur a madadin haidirokotizon, lebotairoksin minti 30 zuwa 60 kafin cin sahur, ruwa mai yawa tsakanin buɗa baki da asuba, da sharaɗin karya azumi nan take idan jiri ko amai ko zazzaɓi ya zo. Katin da ke cikin jakarta yana ɗauke da sunan ciwon, awon magungunanta, da layi guda da manyan baƙaƙe da Hausa da Turanci: idan aka same ni a sume ko ina amai, a yi mini allurar hydrocortisone miligiram 100 nan take, a sa mini ruwan gishiri.